Wasan Taubashi a Ruwan Assop

Akwai wani matashi a garin Gwaram mai suna Ikrima. Yana da shagon sayar da wayoyi a bakin kasuwa, amma ba shagon ne ya sa aka san shi ba. An san shi ne da bidiyon barkwanci da yake sakawa a shafinsa. Yau ya jefa wa mai rake macijin roba a baro, gobe ya janye wa dattijo benci yana shirin zama. Mutane su yi ta dariya, mabiya su ƙaru, shi kuma kansa ya ƙara kumbura.

Duk wanda ya yi masa faɗa, amsarsa ɗaya ce: wasa ne, wanda bai san wasa ba ya zauna a gida.

Ikrima yana da taubashi a Basirka, sunansa Ɗan'azumi, ɗan yayan mahaifiyarsa. Ɗan acaɓa ne, mai sanyin hali, ba ya da yawan magana. Tun suna yara Ikrima yake tsokanarsa, shi kuwa sai dai ya yi murmushi ya ce ai tsakanin taubasai ba a fushi.

Wata damina, Ɗan'azumi ya ɗauko 'yarsa Ummussalma daga ƙauyen kakarta. Yarinya ce ƙarama, ba ta daɗe da shiga islamiyya ba, kuma ita kaɗai Allah ya ba su. An yi ruwa a can sama, rafin da ke kan hanya ya kawo. Ɗan'azumi ya saba tsallake wurin, sai ya kutsa da babur. A tsakiya ruwan ya doke su. Ya riƙo yarinyar, ruwa ya fizge ta daga hannunsa yana ji yana gani. Sai washegari aka tsinci gawarta a cikin ciyayi, nesa da inda suka faɗi.

Daga ranar Ɗan'azumi bai ƙara zama daidai da ruwa ba. Idan hadari ya haɗu sai ya jingine babur ya koma gida. Idan ruwan sama ya fara dukan kwano, sai ya rakuɓe a kusurwar ɗaki ya toshe kunnuwa, matarsa Turai ta zauna kusa da shi tana karanta masa addu'a har a ɗauke. Mutanen Basirka sun san halin da yake ciki. Ba mai ambaton sunan yarinyar a gabansa.

Ikrima ma ya sani. Yana cikin waɗanda suka raka ta maƙabarta.

A hankali Ɗan'azumi ya fara samun sauƙi. Ya koma ɗaukar fasinja, yana zama majalisa, har wani lokacin a ji dariyarsa.

A ƙarshen daminar bara, samarin unguwar su Ikrima suka shirya yawon buɗe ido zuwa magangarar ruwa ta Assop, can bayan Jos. Wurin ya yi suna, kowa yana son a ga hotonsa a gaban farin ruwan nan da ke zubowa daga kan duwatsu. A lokacin kuma shafin Ikrima ya fara sanyi. Mutane sun gaji da macijin roba.

Sai ya kira abokinsa Kamaluddeen, wanda yake riƙe masa waya idan za su ɗauki bidiyo, ya ce ya samo abin da zai tayar da shafin. Za su tafi da Ɗan'azumi, su kai shi bakin ruwan, su ɗauki yadda zai yi. Kamaluddeen ya ce anya kuwa. Ikrima ya ce taubashinsa ne, ya fi kowa sanin iya inda zai tsaya. Kamaluddeen ya yi dariya, magana ta ƙare.

Matsalar ita ce Ɗan'azumi ba zai taɓa yarda ya je kallon ruwa ba. Saboda haka Ikrima ya hau babur har Basirka, ya durƙusa ya gaida kawunsa, sannan ya shiga wurin Turai. Ya ce mata ya sami labarin wani likita a Jos da ya ƙware kan masu firgita irin ta mijinta, kuma ya yi masa magana, likitan ya ce a kawo shi. Ga mota ma za ta tafi, ba sai sun wahala ba.

Turai ta rasa bakin godiya. Ta ce dama ta san jini ba ya ƙarya. Ranar tafiya ta yi sammako ta turara dambu da zogale, ta cika kula, ta ce na ayarin ne duka. Mahaifiyar Ikrima, Gwaggo Hajjo, da ta ji abin da ɗanta ya shirya, sai da ta sa masa albarka a gaban mutane.

Ɗan'azumi ya zo cikin kaftaninsa na Juma'a, da hula, da takalmi sau-ciki. Sauran samarin kuwa duk ƙananan kaya ne da tabarau.

Direban motar da suka ɗauka sunansa Paul. Mutumin Filato ne, amma ya daɗe a Birnin Kudu, a can ya yi aure, a can 'ya'yansa suke makaranta. Da ya ga mutum ɗaya ya fita daban, sai ya tambaye shi ko ɗaurin aure za shi. Ɗan'azumi ya ce a'a, ganin likita za shi, taubashinsa ne ya taimaka masa.

Abin ya tsaya wa Paul a rai, domin shi Assop aka ce masa. Da suka tsaya shan mai a Bauchi ya ja Ikrima gefe ya tambaye shi. Ikrima ya ce ya ji da sitiyarinsa, maganar likita ta dangi ce.

Suka haura Jos, iska ta yi sanyi, duwatsu suka fara bayyana hagu da dama. Samari suna ta waƙa da ɗaukar hoto ta taga. Suka buɗe kular Turai suka cinye dambun tas, suna santi. Ɗan'azumi yana can kujerar baya yana jan carbi, yana maimaita abin da zai gaya wa likita.

Bayan sun wuce Jos suka gangara, motar ta saki kwalta ta tsaya a wani fili mai bishiyoyi. Kowa ya sauka. Suna cikin tafiya a wata 'yar siririyar hanya sai Ɗan'azumi ya ja ya tsaya. Tun ba a ga ruwan ba ake jin rugugin faɗowarsa.

Ya ce, "Ikrima, wannan ƙarar mece ce?"

Ikrima ya ce, "Janaretan asibitin ne. Taho mu je."

Suka sha kwana, sai ga shi. Ruwa fari fat yana zubowa daga sama ta tsakanin baƙaƙen duwatsu, yana dukan ƙasa yana tayar da feshi kamar hayaƙi. Wuri ne mai kyau ƙwarai. Ga iyalai sun shimfiɗa tabarmi a inuwa, ga ɗalibai suna layin ɗaukar hoto, ga mai gasa masara a gefe.

Ɗan'azumi ya zube a ƙasa, ya sa hannu biyu ya toshe kunnuwa.

Ikrima ya yi wa Kamaluddeen alama ya fara ɗauka. Ya matso gaban wayar yana fara'a, ya ce wa mabiyansa yau ya kawo musu gwarzon Basirka, mutumin da ke gudun ruwa kamar akuya. Samari biyu suka kama Ɗan'azumi ta hammata suka fara jansa zuwa bakin ruwan. Hularsa ta faɗi, wani ya taka ta. Takalminsa ɗaya ya cire.

Yana ta roƙonsu. Ya roƙe su don Allah, ya roƙe su don zumunci, ya ce zai jira su a mota har su gama, ba zai gaya wa kowa ba. Muryarsa tana rawa kamar ta ƙaramin yaro, kuma wannan ne ya fi ba su dariya.

Wani mai yi wa baƙi jagora a wurin ya matso ya gargaɗe su. Ya ce ruwan ya cika sosai bana, duwatsun suna da santsi, kada su wuce inda suke. Ikrima ya ce hoto kawai za su yi su dawo.

Suka dire shi a kan wani faffaɗan dutse, dab da inda ruwan ya taru ya yi zurfi. Ɗan'azumi ya rungume dutsen, ya runtse ido, ya yi shiru. Ba ya motsi, ba ya magana.

Ikrima ya leƙa wayar ya ga abin bai yi armashi ba. Mutum a kwance shiru, wa zai tsaya kallonsa? Ya taɓa shi da ƙafa, bai motsa ba. Ya watsa masa ruwa a fuska, bai buɗe ido ba.

Sai ya sunkuya dab da kunnensa, ya ɗaga murya yadda wayar za ta ɗauka.

"Ɗan'azumi, buɗe idonka. Ga Ummussalma can, ruwa zai tafi da ita."

Ɗan'azumi ya buɗe ido. Ya saki dutsen. Mutumin da ko kwata ba ya tsallakawa idan an yi ruwa, ya miƙe ya faɗa cikin zurfin nan da kaftaninsa.

Bai iya iyo ba. Ya nutse, ya taso, yana lalube da hannuwa yana kiran sunanta. Ya sake nutsewa. Wasu daga cikin samarin suna dariya, suna zaton zai kama dutse ya fito. Kamaluddeen bai sauke wayar ba.

Paul ne ya ture su ya wuce. Ashe hankalinsa bai kwanta ba, ya kulle mota ya biyo su. Ya yar da takalmansa ya faɗa ruwan, mai jagoran nan ya bi bayansa. Da ƙyar suka kamo Ɗan'azumi, domin kokawa yake yi da su. Yana cewa su sake shi, tana nan ƙasa, wannan karon ba zai bari ta suɓuce ba. Dutse ya yanki Paul a ƙauri, jini yana bin ruwa, amma bai sake shi ba har suka jawo shi gaɓa.

Aka kwantar da shi, ya amayar da ruwa. Mutanen da ke hutawa a wurin suka taru. Da numfashinsa ya dawo, ya kama rigar Paul ya ce, "Malam, ka gan ta? Ta fito?"

Paul bai san wace ce ake nufi ba. Ya dubi samarin. Ɗaya daga cikinsu ya sunkuyar da kai ya ce 'yarsa ce, ruwa ya ci ta.

Wata mata da ke tsaye da 'ya'yanta ta fashe da kuka.

Paul ya ɗauko rigar sanyinsa da ya bari a kan dutse ya lulluɓa wa Ɗan'azumi, ya tallafe shi har mota, ya zaunar da shi a gaba kusa da shi. Ya ce motarsa yanzu za ta juya, wanda zai tafi ya shiga. Ikrima ya biyo shi yana cewa ba su gama yawo ba, kuma Paul bai san al'ada ba ne, wannan wasan taubashi ne.

Paul ya ce, "Na zauna da Hausawa tun ba a haife ka ba. Na ga wasan taubashi. Wannan ba shi ba ne."

A hanyar dawowa ba waƙa, ba hira. Amma Ikrima yana can baya yana yanke bidiyon. Ya cire inda Paul ya shiga ruwa, ya cire inda matar ta yi kuka, ya sa kiɗa mai ban dariya. Kafin su iso Bauchi ya saka shi a shafinsa, ya rubuta a sama cewa matsoracin ruwa ya koyi iyo da ƙarfin tsiya.

Bidiyon ya tashi fiye da duk wanda ya taɓa yi. Waɗanda ba su san labarin ba suka yi ta dariya suna turawa. A wasu majalisu har kwaikwayon muryar ake yi, idan mutum zai sha ruwa a ce masa ga Ummussalma can. Ikrima yana zaune a shago yana kallon yadda mabiya suke hauhawa.

A Basirka ba wanda ya yi dariya.

Ɗan'azumi ya koma gida da takalmi ɗaya da rigar wani a jikinsa. Turai ta tambaye shi me likita ya ce, ina maganin. Ya wuce ta. Ya shiga ɗaki ya juya fuska ga bango. Sai da maƙwabciyarta ta shigo da waya a hannu, idonta jawur, sannan Turai ta ga likitan da aka kai mijinta. Ta kalla har ƙarshe. Ta miƙa wayar, ta shiga madafa ta zauna a ƙasa, ba ta yi kuka ba sai da ta ji mijinta daga ɗaki yana kiran sunan yarinyar.

Ciwon ya dawo fiye da na farko. Ya daina ci. Idan aka miƙa masa kofin ruwa sai ya ture. Da gari ya waye sai a neme shi a rasa, a same shi a bakin rafi yana leƙen ciyayi yana kira. Ya ce wa Turai an ga yarinyar, Ikrima ya gan ta da idonsa, ashe ba ta mutu ba. Da abin ya gagara, dangi suka yanke shawarar kai shi asibitin masu taɓin ƙwaƙwalwa. Paul ne ya zo da motarsa har ƙofar gida ya ɗauke su, ba tare da kowa ya aika masa ba.

Labarin gaskiya ya fara fita. Mutanen Basirka suka shiga ƙarƙashin bidiyon suna rubuta ko wace ce Ummussalma. Dariya ta koma tsinuwa.

Gwaggo Hajjo ta yafa mayafi ta tafi gidan yayanta ba da haƙuri. Tsohon bai ɗago ya dube ta ba, ya ce kawai ta gaida gida. Da ta dawo ta kira Ikrima ta ce ba za ta yi masa baki ba, domin ita ta haife shi, amma albarkar da ta sa masa ranar tafiyar ba ta wannan aikin ba ce, kuma ya daina shigowa gaishe ta sai ta neme shi.

A lokacin Ikrima yana neman auren wata yarinya a Birnin Kudu, Khuzaima, 'yar Alhaji Abdulsalami mai sayar da hatsi. Magana ta yi nisa, saura sa rana. Da lokacin zuwa sa ranar ya yi, Alhaji ya aika cewa yana son yaron ya biyo manyansa, yana da tambaya.

Suka zauna a zaure, ga goro da alawa a faranti. Bayan gaisuwa Alhaji ya fito da waya ya ajiye a tsakiyar tabarma, ya kunna bidiyon. Khuzaima ce da kanta ta kai masa shi. Dattawa suka kalla har ya ƙare.

Alhaji ya ce, "Ikrima, wace ce Ummussalma?"

Ikrima ya ce 'yar taubashinsa ce.

"Tana ina yanzu?"

"Ta rasu, Alhaji."

"Me ya yi ajalinta?"

"Ruwa."

"Lokacin da ka faɗi maganar nan, ka san da haka?"

Ikrima ya gyaɗa kai. Ya ce ya je jana'izarta.

Alhaji ya tura farantin goron gaban baffan Ikrima. Ya ce, "Ku yi haƙuri, ku koma da kayanku. Mutumin da ya san inda miki yake a jikin ɗan'uwansa, ya sa yatsa a ciki don a yi masa tafi, ba zan ba shi 'yata ya je ya gano inda nata yake ba."

Ba wanda ya roƙa. Baffan ya ɗauki farantin da kansa, suka fito.

A ranar Ikrima ya goge bidiyon, ya rufe shafin. Amma abin ya riga ya bar hannunsa, yana cikin wayoyin mutanen da bai taɓa gani ba. Shagonsa ya koma kufai, mutane sun gwammace su tsallaka titi su sayi caja a wani wurin. Kamaluddeen ya ce shi waya kawai ya riƙe, ya tattara ya koma Kano.

Da duniya ta yi masa ƙunci, Ikrima ya shirya ya tafi asibitin don neman gafara. Ya tarar da Turai a baranda tana wanke kwanuka. Ya gaishe ta, ta ci gaba da wanke-wankenta. Ya wuce ciki.

Ɗan'azumi yana zaune a bakin gado, ya rame, an yi masa aski, yana ɓare lemo a nutse. An ce kwanakin nan ya fara cin abinci, har yana gane masu zuwa duba shi. Ikrima ya sauke takunkumin da ya rufe fuska da shi don kada mutane su gane shi a hanya, ya durƙusa, ya kira sunansa.

Ɗan'azumi ya ɗago. Lemon ya faɗi. Ya sulale ƙasa ya shige ƙarƙashin gado, ya ƙanƙame ƙafar gadon yana ihu kada a kai shi, kada a kai shi. Sauran majinyata suka firgita. Sai da ma'aikata suka taru aka yi masa allura.

Likitan da ke kula da shi ya fitar da Ikrima waje. Ya ce masa duk sauƙin da aka samu ya rushe a yau, kuma idan da gaske yana son alheri ga majinyacin, kada ya sake bari ya ga fuskarsa.

Turai tana tsaye a bakin ƙofa. Ikrima ya ce mata shi gafara ya zo nema.

Ta ce, "Wanda zai yafe maka ai a ruwan can ka baro shi. Wannan da ke ciki bai san me ake nufi da yafiya ba. In kana so, koma ka ɗauko mana wancan."

Ya mayar da takunkuminsa, ya ja hula har gira, ya shiga motar haya zuwa gida. A Birnin Kudu wani dattijo ya shigo ya zauna kusa da shi. Sun ɗan taɓa tafiya sai dattijon ya fito da waya, ya ce ɗansa ne ya turo masa wani abu da ya hana shi cin abinci. Ya kunna, ya karkato wayar don Ikrima ya gani. Muryar Ikrima ta cika motar. Wata mata a baya tana ta salati.

Dattijon ya kashe wayar, ya ɗaga hannu ya ce Allah ya saka wa bawan Allahn nan, Allah ya nuna wa wanda ya yi masa haka sakamakonsa tun a duniya. Mota gaba ɗaya ta amsa. Dattijon ya juyo ya dubi saurayin da ke gefensa.

"Ɗana, ban ji ka ce amin ba."

Ikrima ya ɗago. Duk motar ana jiransa.

Ya ce, "Amin."

Darasi: Wasa yana ƙarewa ne a daidai inda hawayen wani ya fara. Wanda ya bar ka ka san rauninsa amana ya ba ka, kuma duk dariyar duniya ba ta kai a sayar da amanar nan ba. Akwai zaluncin da mai shi zai nemi inda zai durƙusa ya ba da haƙuri ya rasa. Idan bidiyon wulaƙanta wani ya iso wayarka, kada ka tura shi gaba, domin mai turawa ma yana da kamasho. Wannan labarin kuwa ku tura shi ga 'yan'uwa da abokai, musamman matasanmu masu neman suna da waya, ko Allah zai sa wani ya sauke hannu tun kafin ya yi abin da ba ya gyaruwa.